Maganar bankin abinci, dan Allah mu rage hoto mu ƙara lissafi

Jama'a ku yi haƙuri yau rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne ya daɗe yana cina a rai. Kusan shekara uku ke nan ina cikin 'yan sa-kai a wani ɗan ƙaramin bankin abinci, wato wurin da ake tara kayan abinci da kuɗi daga masu hali a kai wa gidajen da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, kuma wallahi abubuwa da yawa da a da nake kira taimako yanzu in na gansu sai dai in yi shiru kawai.

Bari in fara da ranar gangami tunda ita kowa ya sani. Ranar nan fa ba a magana, motoci na ta sauke kaya, kwali kan kwali har ba wurin taka ƙafa a sito, kowa da wayarsa a hannu, a jera buhuna a tsaya a bayansu a ɗauki hoto, kafin dare an cika Facebook da WhatsApp da addu'o'i. Toh ni ba ni da matsala da wannan, Allah ya saka wa kowa. Amma ku zo bayan sati shida ku leƙa sito ɗin nan. Kanta fayau, sai ƙura da 'yan gwangwanayen da ba wanda ya san me za a yi da su, alhali layin da ke bakin ƙofa bai ragu da mutum ɗaya ba, sai ma ƙaruwa da ya yi don labari ya bazu cewa ana rabo. Cikin yaro bai san an yi gangami watan jiya ba, shi dai ya san safiya ta yi.

Kuma ko kayan ranar gangamin ma, sai ka zauna tantancewa za ka san halin mutane. Akwai ranar da muka wuni mu huɗu a ƙasa muna juya gwangwani ɗaya bayan ɗaya muna duba kwanan wata, wani wa'adinsa ya wuce da shekara biyu, wani ya kumbura har murfin ya yi tozo, wani an ɓare an ɗiba an mayar an ɗaure da leda. Wata 'yar uwa da muke aikin tare ta ɗaga wani kwali da ƙwari suka gama da shi ta ce, yanzu fisabilillahi wanda ya kawo wannan zai ba 'ya'yansa? Ba wanda ya amsa mata. Mutum ya share kicin ɗinsa ne kawai ya kawo mana sharar, kuma mu ne za mu biya kuɗin motar da za ta kwashe ta.

Da yawa ba su san inda sunan nan na banki ya samo asali ba, kuma ni a ganina duk darasin yana cikin sunan. A 1967 ne wani mutum mai suna John van Hengel ya kafa na farko a birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka, ana ce masa St. Mary's Food Bank kuma har yau yana aiki. Shi ma ɗan sa-kai ne a wurin dafa wa mabukata abinci, sai ya haɗu da wata uwa mai 'ya'ya da yawa da take ciyar da su daga abin da manyan kantuna ke zubarwa a bayan shago, abinci lafiyayye, kawai kwalin ne ya lotse ko wa'adin ya kusa. Ita ce ta ba shi shawarar ai kamata ya yi a samu wuri kamar banki, mai rara ya kai ajiya, mai bukata ya zo ya cira. Ku duba fa, banki ta ce. Banki kuwa ba ranar biki yake buɗewa ya rufe ba, yana da littafi, yana da ma'aji, an san abin da ya shigo an san abin da ya fita, kuma gobe ma a buɗe yake. Daga nan abin ya bazu, Kanada ta buɗe nata na farko a Edmonton a 1981, Faransa a 1984, Jamus ta fara nata tsarin da suke kira Tafel a Berlin a 1993. Mu kuma sai muka ɗauki sunan muka bar littafin.

Yanzu ga maganar da na san wasu ba za su so ba. In kana da niyyar taimakawa, kuɗi ya fi kaya, kuma ɗan kaɗan duk wata ya fi mai yawa sau ɗaya a shekara. Dalili kuwa a fili yake, kai in ka shiga shago a farashin ɗai-ɗai za ka saya, mu kuwa in kuɗin ya taru sari muke yi, abin da kuɗinka zai sayo a hannunmu ya fi wanda zai sayo a hannunka, sannan mu ne muka san abin da ya ƙare a kanta, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Sau nawa muna da hatsi har ya yi yawa amma babu man girki ko ɗigo, babu madarar jarirai, babu sabulu, kuma ba a yi wa mutum rabon abin da ba zai iya dafawa ba. Ban da wannan akwai abubuwan da ba wanda yake son ɗaukar nauyinsu don ba sa kyau a hoto: man mota, hayar sito, gyaran firij, maganin ɓera, buhunan zuba kaya, katin wayar da za a kira mutane. Ka taɓa ganin wanda ya tsaya kusa da rasit ɗin wuta ya ɗauki hoto? Amma ranar da firij ya mutu mana a tsakiyar zafi, kayan da muka zubar sun fi abin da mutum goma suka kawo a gangami.

Kuma in an san duk wata ga abin da zai shigo, ko yaya ƙanƙantarsa, ana iya tsari. Ana iya cewa gida kaza za mu ɗauka, kuma mu riƙe su har wata shida, ba wai yau a ba mutum ya ji daɗi ya sa rai, wata mai zuwa ya taso tun asuba ya tarar da kwaɗo a ƙofa ba. Wannan kam ya fi rashin bayarwar ciwo.

Na san abin da za a ce min, wai ai kuɗin ne ba a yarda a bayar ba don an sha cin amana. Gaskiya ne, ba zan musa ba, ni kaina na taɓa tura kuɗi wani asusun tallafi da aka yi ta yaɗawa, daga ranar da aka rufe karɓa ban sake jin ɗuriyarsu ba, wanda ya tambaya a guruf sai a ce yana zargin bayin Allah, ƙarshe ma cire shi aka yi. Toh amma maganin wannan ai ba shi ne a koma kawo gwangwanin da ya kumbura ba. Maganinsa lissafi a fili. Asusu ya zama da sunan ƙungiya ba da sunan shugaba ko matarsa ba, kuɗi kar ya fita sai da sa hannun mutum biyu, mai riƙe makullin sito daban mai riƙe littafi daban, duk ƙarshen wata a fito da abin da ya shigo da abin da aka kashe har da rasit, kowa ya gani. Duk kwamitin da ka tambaye shi lissafi ya ɓata rai, ɗauke kuɗinka ka yi gaba, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Mu da muka fara manna takardar lissafi a jikin ƙofa, wasu a cikinmu gani suke kamar tonon asiri ne, amma daga nan ne masu bayarwa duk wata suka fara tsayawa da mu.

Wani abin da ke ƙona min rai shi ne abincin fa akwai shi. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta tun a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya asararsa ake yi ko a zubar, wajen tan biliyan 1.3 a shekara, sannan rahoton Majalisar na 2024 ya ce mutum kusan miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023. Ka haɗa lissafin nan biyu ka ga in barci zai ɗauke ka. Shi ya sa nake ganin ɗan sa-kan da zai je ya zauna da mai kanti ko mai gidan abinci ko manomi ya shawo kansa a riƙa zuwa ana kwashe rarar da ba ta lalace ba duk sati, ya fi mana mai kawo mawaƙi a taron tara kuɗi amfani nesa ba kusa ba. Yawancinsu ba mugunta ce ke sa su zubarwa ba, tsoro ne, kar wani ya ci ya yi ciwo a kama su, da kuma rashin wanda zai zo ya ɗauka a kan lokaci. Amurka ta yi doka a 1996 zamanin Bill Clinton da ke kare wanda ya ba da abinci da kyakkyawar niyya daga shari'a, Faransa kuma a 2016 ta hana manyan kantuna, masu faɗin da ya wuce murabba'in mita 400, lalata abincin da bai ɓaci ba, dole su ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin agaji. Irin wannan ne ya kamata masu faɗa a ji su sa baki a kai, ba zuwa yanke kirtani ba.

Sai maganar hoto, wadda ita ce asalin abin da ya sa na ɗauki waya na fara wannan rubutun. Ranar wani rabo ina tsaye a bakin ƙofa ina duba sunaye, sai ga wata dattijuwa, shigarta tsaf, daga gani ka san ba ta saba ba, ta zo har ta kusa shiga layi sai ta hango wani baƙo da ya kawo gudummawa ya ɗaga waya yana bidiyo yana zagaya fuskokin mutane. Tsayawa ta yi cak, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta yi kamar wani take nema, ta juya. Na bi ta da sauri na ce Baba ki dawo sunanki na nan, ta ce a'a ɗana, wucewa nake yi. Wallahi ba wucewa take ba, ni na rubuta sunan da hannuna, jikoki huɗu ne a gabanta. Da yamma muka sa aka kai mata gida a leda marar tambari. Tun daga ranar muka kafa doka, kana so ka ɗauki buhu ɗauki, kana so ka ɗauki kanka ɗauki, amma fuskar mai karɓa a'a, kuma mun rasa masu bayarwa biyu ko uku a kan haka, Allah ya raka taki gona.

Masu yunwar da suka fi shiga uku ba sa zuwa layi, wannan na koya. Mai aikin da albashinsa ke ƙarewa ranar goma ga wata, wadda mijinta ya rasu ba ta son dangi su sani, tsohon da ƙafa ba ta kai shi. Sai an bi su a hankali ta hannun malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti ko maƙwabcin da ke da rufin asiri. Kuma in da hali a bar mutum ya zaɓi abin da gidansa ke ci a kan kanta kamar yana shago, maimakon a ɗaure masa ƙulli a miƙa masa ya je ya tarar rabi ba zai iya amfani da shi ba, mai ciwon suga da mai goyo ai ba bukatarsu ɗaya ba.

Kar kuma mu ruɗi kanmu, bankin abinci ba ya kashe yunwa, riƙe ta kawai yake kar ta kayar da mutum yau. Ku dubi Birtaniya da duk arzikinta, ƙungiyar Trussell ta buɗe bankinta na farko a Salisbury a 2000, a shekarar 2010 zuwa 2011 ƙullin agajin da ta raba bai fi dubu 61 da 'yan kai ba, amma a 2023 zuwa 2024 ya haura miliyan 3, kuma su da bakinsu suke cewa burinsu a wayi gari ba a bukatarsu. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya Amartya Sen, wanda ya ci kyautar Nobel a 1998, da ya bincika yunwar Bengal ta 1943 wadda ta kashe mutum miliyan 2 zuwa 3, abin da ya nuna shi ne ba ƙarewa abinci ya yi a ƙasar ba, farashi ne ya tashi ya bar ladan leburori a baya, abinci na kasuwa mutane na mutuwa a gefensa. Toh haka abin yake har gobe, duk wanda ke layinmu matsalarsa kuɗin shiga ne da tsada da haya da rashin lafiya, kuma wannan aikin hukuma ne, kar wani mai mulki ya zo ya ɗauki hoto da buhunanmu ya ɗauka ya sauke nauyin da ke wuyansa. Muna rabo muna kuma tambaya, biyun ba sa karo da juna.

Ni dai roƙona ga wanda ya karanto har nan, nemi bankin abinci ko kwamitin da ya fi kusa da kai, kafin ka sayi komai kira su ka ce me ya ƙare muku, ka nemi ganin lissafin watan jiya, in ka gamsu ka yanke ɗan abin da ba zai dame ka ba ka sa shi ya riƙa fita duk wata ko da ba wanda zai sani. In ba kuɗi kana da mota ba mu awa biyu a sati, in ka iya lissafi zo ka riƙe mana littafi, wallahi mai riƙe namu ya gaji, shi kaɗai ne tun farko kuma ga aikin ofis. Mu yanzu haka gidaje goma sha ɗaya ne a takardar jira tun watan jiya ba mu iya ɗaukarsu ba, kuma mai gyaran firij ya ce sai jibi zai zo.