Sandar kibiya ta kabon mai tsada: me kuɗin ke saya wa maharbi?

A shagunan kayan harbi na Amurka, da zarar lokacin farautar barewa ya gabato a Satumba da Oktoba, za ka ga kwali biyu na sandunan kibiya na kabon, wato waɗanda aka ƙera da zaren kabon mai ƙwari marar nauyi, a jere, kamfani ɗaya, tsayi ɗaya, amma kuɗin ɗaya wani lokaci har ya ninka na ɗayan. Ra'ayina a fili yake: ga mai harbi daga yadi 20 zuwa 30, wanda shi ne yawancin harbin farauta da baka, sanda mai matsakaicin kuɗi daga kamfanin da aka sani ta wadatar. Ragowar kuɗin a zuba shi wajen haɗa kibiyar da kyau.

Abin da ake sayar maka da tsada shi ne miƙewa. Ka duba jikin kwalin, za ka ga .006 ko .003 ko .001, wato iyakar karkatar sandar a ma'aunin inci. Kamfanin Gold Tip na da Hunter a .006, Hunter XT a .003, Hunter Pro a .001. Kamfanin Victory ma haka ya kasa nasa, Sport da Gamer da Elite. Galibi ƙira ɗaya ce, sai bayan an gama a auna a ware. To, .006 na inci milimita 0.15 ne, kaurin takarda ɗaya da rabi. Inda ake nema a jikin barewa kuwa, huhu da zuciya, faɗinsa ya kai na farantin cin abinci. A yadi 25, rawar hannun maharbi da bugun zuciyarsa sun fi wannan karkatar ɓata harbi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma dabarar da ke rage tazarar. Sanda kan zo da tsawon kusan inci 32, mutum kuma yana bukatar 28 ko 29. Karkatar ta fi taruwa a bakunan sandar. Maimakon ka yanke inci uku daga gefe ɗaya, ɗora ta a kan abin juya kibiya, ka murza, ka ga bakin da ke rawa, ka yanke daga nan, ko ka raba yankan gida biyu. Sau da yawa abin da ya rage a tsakiya ya fi abin da aka rubuta a kwali miƙewa. Amma da injin yanka mai gudu ake yi, ba da zarton hannu ba, domin zarto yana tsattsaga zaren kabon. A rufe hanci kuma, ƙurar ba ta shaƙa ba ce.

Abin da ya fi miƙewa muhimmanci, kuma mutane suka fi sakaci da shi, shi ne tauri. Lambobin nan 500, 400, 340, 300 ba sunan ado ba ne. Ana ɗora sanda a kan madogara biyu masu tazarar inci 28, a rataya mata nauyin giram 880 a tsakiya, a auna yadda ta lanƙwasa. Wadda ta sauka da .340 na inci ita ce 340. Ke nan ƙaramar lamba ta fi tauri. Mai baka mai ƙarfin ja na laba 70 da kibiya inci 29 da kan kibiya mai nauyin giren 100 zuwa 125 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne da bai kai giram ɗaya ba) yana tsakanin 340 da 300. In ya ɗauko 400, ko da ita ce mafi tsada a shagon, za ta riƙa lanƙwasa fiye da kima yayin da tsirkiya ta tura ta, ta fita tana kaɗa gindi. Ƙara nauyin kai yana sa sanda ta yi laushi a harbi, gajarta ta yana ƙara mata tauri. Kowane kamfani na da jadawalinsa, a duba kafin a biya.

A nan ne tsada ke da ɗan hujja, kuma dole a faɗa. Dozin mai kyau, sandunansa 12 sun fi kusanci da juna a tauri da nauyi. A mai araha kana iya samun biyu ko uku da suka bauɗe. Maganinsa ba wuya. Rubuta lamba a kan kowace kibiya, ka auna su a sikelin giren, ka harba su duka da kan farauta na gaske, wato kan kibiya mai wuƙaƙe. Wadda ta fita daga cikin 'yan uwanta, juya tsagar gindinta zuwa na gaba cikin fikafikai uku da ke gindin kibiyar, wato digiri 120, ka sake harbawa, domin sandar kabon tana da gefen da ya fi wani tauri. In ta ƙi bayan juyi biyu, a mayar da ita ta gwaji. Kwarin da ke jikin baka kibiya huɗu zuwa shida yake ɗauka, kuma da wuya ka rasa shida masu kyau a dozin.

Yawancin laifin da ake ɗora wa sanda, na haɗi ne. Kan farauta mai wuƙaƙe a buɗe kamar fiffike yake a gaban kibiya. In ya zauna a karkace ko da kaɗan, iska za ta kama shi ta ja kibiyar gefe. Don haka bayan yanka a goge bakin sandar ya daidaita sak, gaba da baya. A wanke cikin sandar da sifirit mai ƙarfi har auduga ta daina fitowa baƙa, in ba haka ba gam zai kama ƙura ne, ƙarfen da ake ɗaura kai a jikinsa ya zare ya zauna cikin abin gwaji. In gam mai haɗi biyu ne na awa 24, a ba shi awa 24 ɗinsa. Kada a kai harshen wuta jikin kabon. Sannan a ɗaura kai, a tsayar da kibiyar a kan tsininta a murza. In tana rawa a wuya, ba ta shirya ba, ko nawa aka saye ta.

Su wa ya kamata su biya kuɗin? Masu farauta a filayen yammacin Amurka, irin su Wayomin da Montana, inda harbi kan kai yadi 50 ko 60 cikin iska. Gare su siraran sanduna masu milimita 4 ko 5, irin Easton Axis, suna rage yadda iska ke kwashe kibiya, kuma a wannan nisa ƙaramar karkata tana nunawa. Sai dai siririyar sanda tana da rauni a inda kai ke haɗuwa da ita, shi ya sa ake sa mata zobe na ƙarfe a wuya, wanda shi ma kuɗi ne. Haka masu neman manyan dabbobi masu kaurin ƙashi. Dokta Ed Ashby, wanda ya shafe shekaru yana gwajin yadda kibiya ke ratsa dabba, ya sa ƙwarin kibiyar gaba ɗaya a sahun farko, ya kuma nuna cewa nauyin giren 650 zuwa sama ya fi fasa babban ƙashi. Ka lura, maganar ƙwari da nauyi ce, ba ta miƙewa ba.

Inda ba na yarda a yi tsimi ko kaɗan shi ne sandunan da ba su da suna, waɗanda ake tallarsu a intanet a kuɗin banza. Lambar taurin da ke jikinsu ba abin dogaro ba ce. Kabon ba kamar kyauro ba ne da za a gasa a miƙar, kuma ba ya lanƙwasa ya zauna kamar alminiyam. Ko lafiya lau yake, ko ya tsage, kuma tsagar kan ɓuya. Sandar da ta tsage tana iya tarwatsewa a lokacin saki, tsinkayenta su shige hannun da ke riƙe da baka. Saboda haka duk kibiyar da ta daki dutse, ko ƙashi, ko wata kibiya, a kama bakunanta biyu, a nisantar da ita daga fuska, a lanƙwasa ta kaɗan ana juyawa ana saurare. In ka ji ƙas, karya ta ka jefar. Kada kuma nauyin kibiya ya gaza giren 5 ga kowace laba ta ƙarfin baka, wato 350 ga baka mai laba 70. In sanda ta karye a cikin dabba, a yanke naman da ke kewaye da raunin a zubar, domin tsinkayen kabon ba sa narkewa a tukunya.