Ba kai kaɗai ka hau dutsen nan ba, Malam

Wallahi bidiyon nan ya ɓata min rai tun jiya. Ga wanda bai gan shi ba, ga abin da ke ciki. Mutum ya tsaya a gindin allon Uhuru, wuri mafi tsayi a dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, yana kaɗa tuta, wai da ƙarfinsa da juriyarsa ya kai ƙololuwar Kilimanjaro, babu wanda ya taimake shi. A cikin bidiyon guda kuma, a zango, wani ɗan dako ya gifta da kaya a ka, sai ya daka masa tsawa wai zai ɓata masa hoto.

Ƙarya ce. Ba shi kaɗai ya hau ba.

Dokar Tanzaniya ma ba ta barin kowa ya shiga dutsen nan sai da ɗan jagora mai lasisi. Hanyar Lemosho da ya ce ya bi tafiyar kwana 7 zuwa 8 ce, daga kurmi a fita fili mai sanyi, a ƙare a tsakuwa da ƙanƙara a tsayin mita 5,895. A kwanakin nan wa ya ɗauki tantinsa? Wa ya ɗauki tukunyar gas da shinkafa da kujera da tebur, har da bokitin ba-haya? Shi ƴar jaka ce a bayansa, ruwan sha da rigar ruwa. Ƴan dako su ne za su bari ya tashi, su kwance tanti, su ɗaure kaya, su wuce shi a hanya, kafin ya iso zango na gaba sun kafa komai, shayi yana tururi.

Ku duba zangon Barafu, inda ake kwana kafin a tashi tsakar dare a nufi sama. Babu ruwa a wurin ko ɗigo. Daga kwarin Karanga ake jido shi, a jarka da bokiti, a kan mutum, a inda iska ta yi ƙaranci har mai tafiya hannu rabbana ma haki yake. Ruwan da aka dafa masa shayi da shi, da wanda ya wanke fuska, wuyan wani ne ya kawo shi. A Katangar Barranco, wani hawan dutse mai tsini a hanyar, baƙo yana rarrafe da hannu biyu, ɗan dako kuwa hannu ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan dutse. Kilo 20 doka ta ƙayyade, ana aunawa a sikeli a ƙofar shiga, ban da nasa kayan. Ciwon tsauni bai san baƙo da ɗan gida ba, ɗan dako ma kansa yana sarawa, shi ma ruwa yana iya taruwa a huhunsa, sau da yawa kuma rigar sanyinsa da takalminsa ba su kai na baƙon ba.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na ga masu cewa ai ya biya kuɗinsa. To, ya biya. Kuɗi ya sayi aikinsu, bai sayi ikon share su daga labari ba. Na ga masu cewa ai sana'arsu ce, sun saba. Wa ya saba da sanyin da ke daskarar da ruwa a gora? Masu cewa hassada nake yi kuwa, Allah Ya ba su haƙuri, ba zan tsaya a kansu ba.

Abin ba yau ya fara ba, shi ya sa yake ƙona min rai. A 1953 Edmund Hillary da Tenzing Norgay tare suka taka kan Everest, Hillary, Bature, aka ba shi sarautar Sir, Tenzing, ɗan ƙabilar Sherpa ta yankin, aka ba shi lambar yabo. A Afrilun 2014 ƙanƙara ta rufto ta kashe ƴan Nepal 16 a Khumbu, a hanyar hawa Everest, suna kai wa baƙi kaya sama. A 2023 Muhammad Hassan, ɗan dako ɗan Pakistan, ya rasu a kan K2, dutse na biyu mafi tsayi a duniya, duniya ta ga hoton masu hawa suna tsallake shi, ko da yake wasu sun ce sun yi ƙoƙarin ceto shi.

Ni fa ina murna in ga namu suna ɗaukar jaka suna shiga tsaunuka, suna kwana a ƙarƙashin taurari suna ganin ikon Allah. Wahalar da ya sha gaskiya ce, ban raina ta ba. Ya faɗi sunayensu kawai. Ya sa su a hoto, ya ci abinci da su, ya miƙa wa kowa tukuicinsa a hannunsa. Kafin ya biya kamfani ya tambaya ko yana aiki da KPAP, ƙungiyar da ke sa ido kan albashi da abinci da nauyin kayan ƴan dako a Moshi, garin da ke gindin dutsen.

Su can ma akwai sikeli. Ranar nan a kasuwar Dawanau ta Kano na tsaya ina kallon wani dattijo, gemunsa fari fat, an aza masa buhun masara a kafaɗa yana hawa katako zuwa cikin tirela, katakon yana lanƙwasa. Mai kayan yana gefe yana ciniki da shi a kan naira ɗari. Wai akwai wanda ya san ko ƙungiyar ƴan dako ta taɓa ƙayyade nauyin buhu a kasuwanninmu?