Akwai Mai a Fitilarka?

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa.

Shekaranjiya da dare aka ɗauke wuta a layinmu nan Sabon Gari, wayata kuma ba caji. Na lalubo tsohuwar fitilar ƙwai ta Mama, wadda ta zo da ita daga ƙauye, take rataye a bayan ƙofa shekara da shekaru. Ƙwan lafiya lau, lagwani ma yana nan. Na ƙyasta ashana, ta kama, ta ɗan yi haske, sai hayaƙi, sai ta mutu. Na girgiza ta, ko ɗigon kananzir babu. Mama tana kan tabarma ta ce, "Kai da kake koyar da yara a makarantar Lahadi, ashe ba ka kai kan labarin 'yan matan nan goma ba?" Na yi dariya, amma daren nan na daɗe ido biyu.

Ku buɗe Matiyu sura 25, inda Yesu ya ba da misalin 'yan mata goma da suka fita taryen ango da fitilunsu: biyar masu hikima sun riƙo mai, biyar ba su riƙo ba. Akwai abin da muke tsallakewa a aya ta 5. Da ango ya yi jinkiri, duk goman suka yi gyangyaɗi, barci ya kwashe su. Har da masu hikimar. Duka an gayyace su, duka suna riƙe da fitila, duka ango ɗaya suke jira. Da a Kano aka yi bikin, da anko ɗaya za su ɗinka, ka gan su da yamma ba za ka iya ware biyar daga biyar ba. Bambancin yana cikin 'yar kwalbar mai da ba wanda yake gani, kuma bai fito fili ba sai tsakar dare, da aka yi kira cewa ga ango nan.

Da ina yaro nakan ga kamar rowa ce masu hikimar suka yi, da sauran biyar suka roƙe su mai suka hana. Me zai hana su ɗan tsiyaya wa ƙawayensu? Sai da na girma na gane akwai abin da ba a aronsa. Addu'ar asuba da mahaifiyarka take yi ba za ta zama tubanka ba. Zanen Zumuntar Mata da kike ɗaurawa, kujerar dattawa da kake zama, muryarki a cikin mawaƙa, sunan mahaifinka da ya yi aikin bishara a ƙauyukan Rano ko Sumaila, duk fitila ce mai kyau. To, amma kayan aro ba ya rufe katara. A daren nan kowa da nasa man zai tsaya.

Kwanakin nan ana ta tura mana saƙonni a WhatsApp: yaƙi ya ɓarke can, girgizar ƙasa ta auku can, buhun shinkafa ya gagari talaka, saboda haka wane ya lissafa, saura shekara kaza Yesu ya dawo. Yesu ya ambaci yaƙe-yaƙe da yunwa da girgizar ƙasa a Matiyu 24, gaskiya ne, ya kuma kira su mafarin naƙuda. Amma a aya ta 36 ya rufe ƙofar lissafi: ba wanda ya san ranar ko sa'ar, ko mala'iku, ko Ɗan, sai Uba kaɗai. Masu lissafi ba yau suka fara ba. A Amurka mabiyan William Miller sun sa ranar 22 ga Oktoba 1844, wasu har suka bar amfanin gona ba girbi, gari ya waye musu kamar kullum. Harold Camping ya cika rediyo da allunan talla da 21 ga Mayu 2011, da ranar ta wuce ya ɗaga zuwa Oktoba, ita ma ta wuce. Shi ya rasu a 2013, duniya tana nan. Tun a Tasalonika ma an sami waɗanda suka naɗe hannu suka daina aiki, har Bulus ya rubuta musu cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci abinci.

Ni abin da ya fi tsorata ni shi ne Luka 17. Yesu ya ce a kwanakin Nuhu da na Lutu mutane suna ci, suna sha, suna aure, suna saye da sayarwa, suna shuka, suna gini. Duba jerin nan da kyau, ba zunubi ko ɗaya a ciki. Harkar yau da kullum ce, irin wadda ake yi a Kantin Kwari da Singa da Dawanau daga safe har magariba. Ita ce ta shagaltar da su. Waɗanda suke Kano a watan Maris 2016 sun tuna daren da gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. Mutane sun kulle shago da yamma suna lissafin cinikin gobe, da safe sai toka. Ba wanda aka aiko wa takardar sanarwa. Ɓarawo da dare, in ji Bulus a 1 Tasalonikawa 5, haka ranar Ubangiji za ta zo. Ko da ba ta zo a zamaninmu ba, numfashinka fa? Yaƙub ya ce ranmu kamar hazo yake, a gan shi ɗan lokaci, ya ɓace. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jinkirin da muke gani kuwa, Bitrus ya ce haƙuri ne Ubangiji yake yi da mu, ba ya so kowa ya hallaka. Wato an bar mana shagon mai a buɗe. Bawan da aka yaba a ƙarshen Matiyu 24 ba a same shi yana kallon sama ba, an same shi yana raba wa mutanen gida abinci a kan kari. Ka biya bashin da kake ɓuya saboda shi. Ki daina tauye mudu. Ka rabu da matar da ba taka ba, ba sai bayan Kirsimeti ba.

Kada ku ce wa'azi nake yi muku daga kan tudu. Shekara uku ke nan ba na magana da wani ɗan'uwa a ikkilisiyarmu saboda kuɗin adashe. Layi ɗaya muke bi mu karɓi Jibin Ubangiji, in ya bi ta ƙofar dama ni in bi ta hagu. Sau nawa na karanta wa yara Matiyu 5:23-24, cewa ka ajiye baikonka a gaban bagade, ka fara zuwa ka shirya da ɗan'uwanka? Ga ƙwai, ga lagwani, ba mai.

Jiya da safe na sa caji na kira shi. Ta yi ta ƙara bai ɗauka ba, ban kuma ga laifinsa ba. Mama ta ce, "Waya ba ta durƙusawa, ɗana, ƙafa ake takawa." Ranar Lahadi in an tashi sujada zan hau adaidaita in tafi gidansa a Birget. Ku sa ni a addu'a, kada in kai bakin ƙofa in juyo.