Usur na dala goma ko na'urar dala ɗari biyar: yadda ake kiran dilan Amurka

Duk shagon kayan farauta da ka shiga a yammacin Texas cikin hunturu, sai ka tarar da bango guda an cika shi da kayan kiran koyote. Koyote ɗan'uwan dilanmu ne, sai dai ya ɗan fi shi ƙiba, babba yakan kai kilo 15 zuwa 20, kuma masu kiwon tumaki da awaki a nan ba sa ga maciji da shi. Galibi ba a fita masa da gayya da kiɗa da gora irin farautarmu ta rani. Mutum ɗaya ko biyu ne za su jingina da kututture, su yi masa ƙaryar kukan zomon da ya faɗa hannun ajali, shi kuma kwaɗayi ya kawo shi.

Kayan kiran iri biyu ne. Akwai na baki, wato usur mai ɗan siririn harshe a ciki. Wani an rufe harshen cikin bututu, busawa kawai za ka yi kuka ya fito, shi ake ba ɗan koyo. Wani harshen a waje yake, da leɓe da haƙori ake matsa shi: ka kama bakinsa murya ta yi siriri kamar ta ɓera, ka matsa ciki ta yi kauri har ka fitar da dogon kukan koyoten kansa. Sai kuma na'ura mai batir da lasifika da rimot, irin ta kamfanin FOXPRO da ke Pennsylvania, cike da muryoyi barkatai. Sana'ar tsohuwa ce a jihar nan. Tun shekarun 1950 'yan gidan Burnham na Marble Falls suke sayar da usur, Johnny Stewart na Waco kuma ya yi suna da naɗar kukan dabbobi a faifai.

Ni dai ra'ayina, wanda zai fara ya fara da na baki. Ba rowa ba ce.

Wanda ya taɓa ganin maharbi da burtu a goshi zai gane nufina. Itace ne aka sassaƙa, aka lulluɓe da fata, aka ɗora bakin tsuntsun a kai. A ajiye a ƙasa ba ya ruɗar ko akuya. Sai maharbin ya ɗaura shi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai tsintar fara, ya tsaya inda burtu kan tsaya, sannan gada za ta ci gaba da kiwonta har ya matso. Aikin a jikin mutum yake. Haka usur: zomon gaske ba ya kuka iri ɗaya sau biyu, yakan yi ƙara, numfashi ya yanke, ya yi shiru, ya sake ɗan shessheƙa. Mai busa da baki dole ya koyi wannan, kuma kukansa ba zai yi daidai da na kowa ba. Na'ura kuwa, muryar da ke cikin tawa ita ce cikin ta maƙwabcina da ta duk wanda ya biya kuɗi. Koyoten da ya taɓa amsa wannan murya aka harbe shi aka kuskure, ya yi karatu ke nan. Ba banza muke ce wa dila malamin daji ba, kuma na nan bai bar gadon gidansu ba.

Amma a faɗi gaskiya, na'ura tana da abu guda da usur ba shi da shi. Kana iya ajiye ta taku hamsin daga inda kake zaune, idon dabbar ya tafi can, hannuwanka biyu kuma suna kan bindiga. Mai farauta shi kaɗai a fili fetal yana da hujjar sayenta. Abin da nake ƙi shi ne a saye ta kafin a san iska. Koyote ba ya yarda da kunnensa sai hancinsa ya tabbatar, shi ya sa yakan yi zagaye ya ɓullo ta inda iska ke kai wari. In warinka ya riga shi isa can, ko na'urar dala dubu ce ba za ka ga ko wutsiyarsa ba.

Zaɓen kuka kuma da lokaci yake tafiya. Daga Oktoba zuwa Disamba matasan bana ne suka cika daji, ga yunwa ga rashin wayo, kukan zomo ya wadatar. Janairu zuwa Maris lokacin barbara ne, ciki ba shi ne damuwarsu ba, dogon kukan baƙon da ya shigo musu yanki ya fi tayar da su. Afrilu da Mayu suke haihuwa, kuma kukan ɗan da ke cikin wahala yana jawo uwa da uba a guje. Yana aiki ƙwarai, ni dai raina bai kwanta da shi ba, don ka kashe uwa ka bar 'ya'ya a rami. A fara a hankali, kada a ɓarke da ƙara tun farko, wataƙila yana kwance kusa. Minti 15 zuwa 20 in ba motsi, a sauya wuri.

Abin da har yau bai zauna mini ba shi ne ba nama ake nema ba. Maharbinmu ya dawo da zomo ko gada, gida a ci, a kai saura kasuwa. A nan fata ake cirewa in ta hunturu ce mai gashi, wani ma ko ita ba ya ɗauka. Jihar Utah a shekarar 2012 ta sa ladan dala 50 kan kowane koyote don kare barewarta. A Texas ba a rufe farautarsa duk shekara, amma sai da lasisi, kuma kusan duk ƙasar mai shinge tana da mai ita, sai ya ba ka izini kafin ka taka. Dokar farautar dare da ta amfani da na'ura kowace jiha da tata, don haka ɗan'uwan da ke Ohio ko Minnesota ya duba ta jiharsa kafin ya kashe kuɗinsa.