Ranar da Aka Kamo Ni a Daɗin Kowa

Tun da likita ya tabbatar mini da cutar Parkinson, wadda a gida ake kira ciwon rawar jiki, ya kuma ce motsa jiki yana cikin magani, na ƙudura sai na yi iyo mai nisa. A bakin kogin Gongola na taso, saboda haka ruwa ba baƙona ba ne. Tun 1875 wani Baturen Ingila, Matthew Webb, ya ƙetare ruwan da ya raba Ingila da Faransa da iyo, fiye da kilomita 30, to mene ne kilomita ɗaya a madatsar Daɗin Kowa? Na haɗiyi ƙwayar levodopa, maganin cutar, a kan lokaci, na ɗauki wani yaro mai kwalekwale ya riƙa bina, na faɗa ruwa.

Abin da na manta ban gaya wa yaron ba shi ne, rawar hannun nan ba ta tashi sai an huta. Muddin ina sarar ruwa, hannu lafiya lau. Da na yi nisa na ɗora hannun dama a gefen jirgin domin in numfasa, sai ya soma buga katako kamar mai kiɗan kalangu. Yaron ya zaro ido, ya yi salati, ya ce, "Baba, mutanen ruwa sun kama ka!" Na ce masa lafiyata ƙalau, amma cutar ta riga ta cinye mini murya, ta kuma daskarar da fuskata, don haka abin da ya gani kawai tsoho ne yana karkarwa yana motsa leɓe babu sauti. Ya cafki ƙugun wandona, ya ja da irin ƙarfin da yake jan taru. Tazuge ya tsinke. Ni na shigo jirgi, wando ya zauna a Gongola. Ya kwantar da ni a kan tarwaɗa, ya lulluɓe ni da taru, wanda kowa ya san ba ya suturta komai, yana tuƙi yana tofa mini addu'a.

Yaron na yafe masa. Wanda ban yafe wa ba shi ne wani taubashina, wanda ya zo rakiya da babbar riga saɓe a kafaɗa. Ga mata masu suyar kifi cike da gaɓa, shi kuwa da ya leƙa jirgin sai ya dubi yaron ya ce, "Wannan babban nawa za ka bar mini?" Rigar ma bai miƙo ba sai da ya cinye karfasarsa, kuma har yau matar da ta sayar masa tana cewa ni take bi kuɗin kifin.