Wanda yake haskawa da dukiyar ɗan uwansa

Assalamu alaikum ƴan uwa, nasihar yau akan dukiyar marayu ce da gadon da ake dannewa a gidajenmu, amma ku ɗan yi haƙuri mu bi ta sama tukunna.

Akwai wani tauraro can nesa da masana suka sa wa suna SAX J1808.4-3658, kada sunan ya baku tsoro lamba ce kawai. Irin wanda ake ce wa tauraron niyutron ne, wato ragowar wani ƙaton tauraro da ya fashe ya mutu, abin da ya rage ya dunƙule waje ɗaya, faɗinsa kamar kilomita 20 ne kacal amma ya fi rana nauyi. Shi kansa ba shi da sauran makamashi, ya gama nasa tuntuni. To amma yana da abokin zama, wani ɗan ƙaramin tauraro da suke zagaya juna duk awa 2, shi kuma sai ya riƙa zuƙe iskar jikin abokin nan, iskar ta kewaya ta kewaya ta faɗo masa, tayi zafi har miliyoyin digiri ta riƙa fitar da hasken eksre, irin dai wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. A 1996 aka fara ganinsa, a 1998 wani tauraron ɗan adam na Amurka mai suna RXTE ya gano yana juyawa sau 401 a daƙiƙa ɗaya, kuma masana suka ce abin da yake zuƙowa ne ya ƙara masa wannan gudun. Abokin kuwa an cinye shi, yanzu nauyinsa kamar kashi 5 cikin 100 na rana ne.

Ba wai ina cewa tauraro yana da zunubi bane fa, umarnin Ubangijinsa yake bi, kuma ba tafsirin wata aya nake yi da shi ba, don naga wasu sun mayar da abin sana'a duk abin da Turawa suka gano sai a jawo aya a liƙa masa ko ta dace ko bata dace ba. Izina kawai nake so mu ɗauka.

Mutum ɗan uwansa ya rasu ya bar yara ƙanana da gida da gona da shago, shi kuma ya ce shine babba shi zai riƙe, shekara ta zagayo ka ganshi da sabuwar mota ya ƙara aure ya je Umara ana ta Alhaji Alhaji, yaran kuwa an koro su daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa, uwar tana suyar ƙosai a ƙofar gida, in ta tada maganar gado a ce ba ta da kunya tun ƙasa bata bushe ba. Wallahi wannan hasken da yake yi ba nasa bane, na yaran nan ne.

Abin da ya fi taɓa ni shine abin da ke faruwa da iskar bayan ta sauka. Taruwa take yi a jikin tauraron, tana danne juna tana ƙara zafi, rana ɗaya sai ta kama da wuta gaba ɗaya. A watan Agustan 2019 na'urar NICER da ke tashar sararin samaniya ta ga irin wannan tashin wutar a jikinsa, cikin daƙiƙa 20 ya fitar da ƙarfin da rana take fitarwa a kusan kwana 10. Allah kuma ya gaya mana a Suratun Nisa'i aya ta 10 cewa masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta kawai suke ci a cikkunansu, kuma za su shiga wuta mai ruruwa.

Sannan ku duba, ɗan adam mai rauni daga nisan shekarun haske sama da dubu 10, wato hasken tauraron sai ya yi shekara sama da dubu 10 yana tafiya kafin ya iso gare mu, yana rubuta lokacin da kowane ɗigon haske ya iso, yana tace hasken ya san zafinsa har ya ga alamar ƙarfe a cikin iskar da ke kewayawa, to ina ga littafin da ba ya barin ƙarami ko babba sai ya ƙididdige shi? Kuɗin hayar da ka karɓa ka ce aro ne, buhun geron da aka kwaso daga gonar marayu aka kai rumbunka, duk yana nan.

Dan Allah duk wanda yake riƙe da irin wannan amanar ya fito da takardun gida da na gona, ya kira malamin da ya san rabon gado da shaidu, a ba mata nasu a ba ƴaƴa mata nasu ba a ce an haɗe musu a hannun yayansu ba, na yaran da basu yi hankali ba a rubuta a ajiye musu, abin da ka riga ka ci kuma ka lissafa ka fara biya ko da kaɗan kaɗan ne.