Wutar zama a mota: injin ne gaba, sola na biye

Mu da muka taso a ƙasar rana, da an ce wutar da ba ta layi ba, sola ce ke fara faɗo mana a rai. Can faifan sola ɗaya yana aiki kusan daidai duk shekara, sai dai ƙura ko hadari su ɗan rage masa ƙarfi. A nan arewacin Turai da nake zaune lissafin daban ne, musamman ga wanda ya mayar da motar kaya ɗakin kwanansa. Faifan wat 200 da aka shimfiɗa a rufin mota zai iya tara kusan wat-awa 1,000 (wato wutar wat 1,000 ta tsawon awa guda) a ranar Yuni mai haske. A Disamba kuwa rana ƙasa-ƙasa take bi, wajen ƙarfe 4 ta faɗi, abin da za ka samu ba ya kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan. Kuma a lokacin ne hita ke kwana tana aiki.

Don haka ni a ganina, abin da za a fara saye bayan batirin ɗaki (wanda ke ba kayan ɗakin wuta, daban da na injin) shi ne cajar da ake kira DC-DC, wadda ke ɗebo wuta daga altanetar mota, wato abin da injin ke juyawa ya samar da wuta. Mai amfa 30 tana zuba kusan wat-awa 400 a tuƙin awa guda, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara. Tsohuwar dabarar haɗa batirin injin da na ɗaki da rile (makunnin da ke jona su da kansa) ba ta dace da sababbin motoci na ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6 ba, saboda altanetarsu kan sauke ƙarfi da kanta don tsimin mai, sai ka yi ta tafiya batirin ɗaki bai cika ba.

Batir kuwa, na litiyom nau'in LiFePO4 ya fi. Mai amfa-awa 100 yana riƙe wat-awa 1,280, kusan duka kuma naka ne. Na dalma mai girma ɗaya, rabi kawai za ka ci in kana so ya yi ƙarko, ga shi nauyinsa ya ninka na litiyom fiye da sau biyu. Aibin litiyom shi ne ba a cajinsa in sanyi ya kai ƙasa da digiri sifili na Selsiyas. Nemi wanda ke katse caji da kansa ko mai abin ɗumama jikinsa, ka kuma ajiye shi cikin ɗaki, kusa da inda ɗumi yake.

Inda mutane ke jefa kansu cikin wahala shi ne inbata. Butar lantarki ta wat 2,000 tana jan fiye da amfa 160 daga batir mai bolt 12. Wannan na bukatar waya mai kaurin yatsa, da babban fis, da ƙarin batir, duk don tafasa ruwan da ƙaramin risho na gas zai tafasa ba hayaniya. Ita kanta babbar inbata, ko ba a jona mata komai ba, tana iya shan wat 10 zuwa 20 a zaune. Bar ta a kunne dare da rana, ta cinye kusan abincin firji. Firji, fanka, fitilu, famfon ruwa, cajar waya, har kwamfutar hannu ta soket ɗin USB-C, duk akwai masu aiki kai tsaye da bolt 12.

Sai tambayar da aka fi yi: a sayi akwatin wuta irin na EcoFlow ko Jackery ko Bluetti, mai batir da caja da inbata a haɗe wuri ɗaya, ko a haɗa kaya ɗai-ɗai? Akwatin ya yi wa mai fita ƙarshen mako, ko wanda motar ba tasa ba ce. Ka ɗauko, ka jona, shi ke nan. Amma in ta soket ɗin kunna sigari kake cajinsa, amfa 10 ne iyakarsa, wato wajen wat 120, sai ka wuni kana tuƙi bai cika ba. In kuma wani abu ya ƙone a cikinsa, batir da caja da inbata gaba ɗaya sun tafi gyara, kai kana cikin duhu. Mai zama na dindindin gara ya haɗa nasa, domin in na'urar sola ta mutu, altaneta na nan, firji bai ma san an yi ba.

Abu biyu ba a tsimi a kansu. Fis ya zauna dab da kan batir a wayar ja, wato ta fozitif, tunda ita ce ke iya gogar ƙarfen mota a kan gargada har ta kama da wuta. Sai na'urar da ke ƙirga amfan da ya shiga da wanda ya fita, don bolt ɗin litiyom kusan wuri ɗaya yake tsayawa daga cike har ya kusa ƙarewa, mitar bolt za ta nuna maka 13 alhali saura kaɗan hita ta mutu da tsakar dare.